Manang Minyang Ba Ta Iya Tsallake Ba

Shekara ashirin da huɗu Herminia Genzola ta yi tana zama a gindin teburin alƙali a wata kotu a birnin Iloilo, da biro da littafi, tana ɗaukar duk abin da aka faɗa da rubutun nan na gaggawa mai kama da sawun tsutsa. Ba mai kiranta Herminia sai takardun ofis. A garinmu Guimbal Manang Minyang ce, wato Yaya Minyang, a kotu ma haka, har a bakin lauyoyin da ke cika wa mutane kunne da Turanci. In shaida ya yi tari, ta rubuta ya yi tari. In lauya ya ɗauko zance ya rasa inda zai ajiye shi, haka za ta rubuta masa abinsa guntu, ba gyara. Akwai rikoda da ake kunnawa a gefe don tsaro, sauran masu ɗaukar magana kullum suna kanta suna cike gurbi. Ita kam ba ta taɓa neman ta ba, kuma ba ta ɓoye cewa tana ji da hakan.

Abin da ya sa mace mai shekara arba'in da takwas ta nace sai ta shiga makarantar lauyoyi, wani tsohon masunci ne ɗan garinmu. An maka shi a kotu kan filin da yake shanya koma tun kafin a haifi wanda ya kai ƙarar. Lauyan kyauta da aka ba shi yana da shari'a goma sha ɗaya a ranar, ya shigo a gajiye, ya yi 'yan tambayoyinsa ya zauna. Tambaya ɗaya ce za ta fid da tsohon, wato wa ya dasa kwakwar da ke kan iyaka. Minyang ta san wanda ya dasa, duk Guimbal an sani. Tambayar ta zo mata har kan harshe, amma a ɗakin nan ba ta da bakin magana sai an ce ta maimaita abin da wani ya faɗa. Da hannunta ta rubuta cewa lauya ba shi da sauran tambaya. Tsohon ya rasa filin, ita kuma abin ya tsaya mata a rai bai wuce ba.

Makarantar da take nema ta birni ce, mai ajin yamma don ma'aikata. Jarrabawar shiga tambaya ɗari biyu ce cikin awa uku, a zaɓi amsa a cike ɗan da'ira da fensir. Abin haushi, babu doka a ciki ko ta layi ɗaya. Matar da za ta iya karanto maka ƙa'idojin kotu tana tsinke ganyen zogale, sai aka zaunar da ita ana tambayarta jirgin da ya tashi ƙarfe kaza yaushe zai cim ma wancan. Kuma makarantar ba ta yarda mutum ya zauna fiye da sau uku. Minyang ta riga ta zauna sau biyu. Karon farko lokaci ya ƙare mata a tambaya ta ɗari da talatin da ɗaya, karo na biyu a ta ɗari da arba'in da takwas. Saura mata ɗaya ke nan, daga ita ƙofa ta rufe.

Salud, tafintar kotun, ita ta gano ciwon. Tare aka ɗauke su aiki, don haka ba ta tauna mata magana. Suna shan batchoy, romon nan na taliya da nama, da rana a rumfar bayan kotu ta karɓi littafin gwajin Minyang ta bubbuɗa, ta ga kusan duk abin da ta amsa daidai ne, sai dai kowace jarrabawa wutsiyarta fara fat.

"Ke ba ƙwaƙwalwa kika rasa ba, Minyang, taurin kai ne ya yi miki yawa. Mai wuya ta zo, ki tsallake ta. Ba shaida ba ce, ba za ta kai ki ƙara ba."

"In tsallake ban karanta ba?"

"Yaran nan da kike gani suna ci, kin ɗauka karantawa suke? Leƙawa suke su wuce."

Minyang ta ce ai wannan ba karatu ba ne, ha'inci ne. Salud ta ce to ta ci gaba da gaskiyarta, Allah ya kai su ritaya tare. Ta janye kwanon Minyang ta cinye sauran naman.

Wata bakwai ta yi tana koyon tsallake, kuma ban taɓa ganin abin da ya wahalar da mutum kamar wannan ba. Ƙarfe biyar ta dafa shinkafa ta soya busasshen kifi, shida saura tana cikin jipni, motar hayarmu. Awa guda ce zuwa birni, littafi a cinya, gefe guda kwandon kifin wata na ɗiga mata a takalmi, tabarau na zamewa duk ramin da aka faɗa. Ta wuni tana rubuta maganar mutane, ta dawo ta buga ta a inji, yatsun dama su ƙage sai ta tsoma su a ruwan ɗumi. Hutun rana ya zama na lissafi. Ta daina zuwa waƙar coci ta ranar Alhamis. Ta rame, idanunta suka faɗa, har maƙwabta suka fara tambaya a kaikaice ko lafiya.

Mijinta Nicanor, wanda muke kira Manong Canor, wato Yaya Canor, babur mai akwati a gefe yake ja tsakanin kasuwa da bakin teku. Bai gama sakandare ba, bai kuma taɓa cewa ya fahimci abin da take nema ba. Amma shi ya kawo dabarar cokali. Kowace Lahadi in sun dawo daga coci sai su zauna a gindin mangwaro, ita da littafi, shi da agogo da kofin gilashi. Daƙiƙa hamsin ta cika ya buga cokali, ting, dole ta bar tambayar ko da tana tsakiyar jimla. Wayyo, faɗan da aka sha a gindin mangwaron nan! Ta ce agogonsa gudu yake. Ta ce da gangan yake yi. Ran nan ta fizge cokalin ta wurga cikin kaji. Canor ya tashi ya ɗauko, ya goge a riga, ya ce Attorni ta yi haƙuri, saura tambaya sittin. Da tsokana yake kiranta Attorni, wato lauya, amma ko sau ɗaya bai fasa zaman ba, ko da kuwa ranar ana faɗan zakaru a filin gari.

A hankali abin ya fara kama ta. Ta koyi duba jelar tambaya kafin kanta. Ta koyi jin ƙamshin mai cin lokaci tun daga layin farko, ta ɗiga mata alama ta wuce. A wata na shida ta kai ƙarshen ɗari biyu da saura minti huɗu. Ba ta yi murna ba, ta ce ji take kamar ta share ɗaki ta tura sharar ƙarƙashin gado.

Saura kwana goma sha ɗaya jarrabawa, ranar Talata, aka kira wata mai sayar da kayan miya ta ba da shaida kan rumfarta da aka rushe. Matar irin masu zagaye ce. An tambaye ta yaushe aka kawo mata takardar tashi, ta ɗauko daga bikin ƙanwarta, da wanda ya dafa alade, da ruwan da aka yi. Salud na fassarawa tana haɗiye hamma. Can cikin kan Minyang wani abu ya ce wannan mai cin lokaci ce, wuce. Hannunta ya tsaya. Bai fi numfashi uku ba, ita kanta ba ta san ya tsaya ba.

Sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce shaida ta ambaci rana, yana roƙon a maimaita. Alƙaliya ta dubi ƙasa inda Minyang take, yadda ta saba. Minyang ta duba littafinta. Ga bikin, ga aladen, ga ruwan sama, sannan fili fari mai faɗin yatsa biyu. Ranar da duk shari'ar matar ta rataya a kai tana cikin farin nan.

"Ranki ya daɗe, ban ɗauka ba."

Aka tsaya aka juya rikoda baya, ta yi ta ƙara, aka lalubo wurin, aka ji ranar, shari'a ta ci gaba. Ba abin da matar ta rasa. Amma Minyang ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba a rayuwarta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda mai kayan miyan ta juyo ta dube ta, kamar tana tambaya ashe ba a rubuta maganar irinsu.

Da aka tashi alƙaliya ta aika a kira ta. Minyang ta girmi alƙaliyar da shekara biyar, ta kuma ga zuwan alƙalai huɗu kafin ita, amma sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara tabarau kafin ta shiga. Ta tarar ba zancen takardar gargaɗi. Alƙaliya ta ce Salud ta gaya mata komai, ta miƙo hannu ta ce a ba ta fensiran. Kowa ya san mai shiga jarrabawa yakan nemi wanda ya taɓa ci ya fere masa fensir, Minyang dai kunya ta hana ta roƙa sau biyun nan. Alƙaliya ta fere guda uku a kan kwandon shara, a nitse, ta hure ƙurar ta miƙa mata.

"Ranar Asabar ɗin ki tsallake duk abin da kika ga dama, Manang. Amma a ɗakina kar ki ƙara."

Ranar jarrabawa mai gadin ƙofa ya nuna mata bencin da iyaye ke jira, sai da ta fito da katinta. A ciki yara ne sa'annin 'yarta, suna ta taunar cingam. Aka ce a fara. Ta tsallake ashirin da uku, kowace ɗaya tana jin ting ɗin Canor a kunne da idon mai kayan miya a ƙeya. Ta dawo ta warware tara, sauran ta cike da ka. Da aka ce a ajiye fensir, babu da'ira ko ɗaya da ta bari fara. Sau biyun baya ta tura kujerarta ciki da ladabi kafin ta fita, Salud ta ce shi ya sa kujerar ke kiranta ta dawo. Wannan karon ta shure ta yadda ake yi, har babban yatsanta ya kumbura, ta fita ba ta waiwaya ba. A jipni ta yi barci tun daga birni har Guimbal, sai da ɗan kwandasta ya tashe ta.

Mako shida aka yi ana jira. Ta koma waƙar coci, ta fara cin abinci. A kotu ba ta ƙara barin gurbi ba, sai dai yanzu takan ji hannunta na son tsayawa, sai ta danne shi. Abin da a da yake zuwa mata kamar numfashi ya zama aiki, tana tashi a gajiye fiye da da.

Ranar da aka liƙa sakamako Canor ya ce ba za ta hau jipni ba, shi zai kai ta, ko da 'yan sanda za su tare shi a hanya don ba a barin irin babur ɗinsa ya shiga birni. Suka isa da hantsi, rana ta fara zafi. Takardu shida ne a jikin allo a bakin ƙofar makarantar, sunaye bi da bi bisa haruffa. Mu mutanen Guimbal kusan duk sunayen gidajenmu da harafi ɗaya suke farawa, don haka wurinmu ba ya wuyar samu, kuma yana da tsawo. Canor ya kutsa cikin yaran da ke tsalle suna rungumar juna, ya sa yatsa ya bi layin. Ga ɗan gidan mai kantin magani, ga 'yar malamin firamare. Inda Genzola ya kamata ya zauna, sunan sama da na ƙasa sun haɗe ba ko tsaga. Ya sake bi sau biyu. Ya juyo zai yi magana, ya ga ita ma idonta na wurin.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara tabarau, ta matsa zuwa takardar farko, ta ɗora yatsa a kan suna na ɗaya ta fara karantawa, leɓɓanta na motsi.

"Minyang, babu shi."

"Na gani."

"To zo mu tafi, rana na dukan ki."

"Ban gama ba."

Suna ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Yara na ture ta, wata uwa ta taka mata yatsan nan mai ciwo, ba ta ɗaga kai ba. Kowane suna ta karanta shi cikakke, da na tsakiya, da na gida. Canor ya tsaya yana kallon bayanta, da furfurar da ta fito mata a wata bakwai ɗin nan, tausayinta ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya koma ya kashe babur, ya ciro lema daga ƙarƙashin kujera, ya zo ya riƙe mata. Akwai agogo a hannunsa, bai duba ba. Ya bar ta ta kai ƙarshe.