Fiton Kaboyin da Ya Raba Ni da Aji Huɗu

Da safiyar wata Asabar, a damunar shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ina tsugune a bakin rijiyarmu a Gusau ina darzar tukunyar tuwo da toka. An kwana ana ruwa, tsakar gida ta yi caɓi, awaki sun lafe a gindin rumbu, Inna tana ɗaki tana damun koko. Hannuna yana aikinsa, bakina ma ashe yana nasa ban sani ba. Fito nake yi, siriri, mai hawa ya sauka ya sake hawa. Sai na ga inuwa ta rufe tukunyar. Gwaggo ce, yayar Baba, da buta a hannu. Ta ce, "Ke Talatu, a gidan uban wa kika koyo wannan?"

Wanda bai san unguwarmu ba sai na yi masa bayani. Akwai wani gidan silima marar rufi a bayanmu, lungu ɗaya ya raba katangarsa da ɗakin Inna. Da an idar da isha'i lasifikarsu za ta buɗe maƙogwaro, ko kana so ko ba ka so sai ta shigo maka har kan tabarma. Ni kuwa Allah ya yi ni da kunne, abu ya wuce ta gefensa sau ɗaya ya zauna ke nan. Ban taɓa ganin majigin ba, amma ina bambance na Indiya da na kaboyi tun daga kiɗan farko. Kaboyin ma iri biyu ne. Akwai tsoho mai yawan surutu, akwai kuma wani da ya zo daga baya, wanda za a yi tsit kamar an ɗauke wuta, sai fito, sai ƙarar bulala, sai ƙararrawa, sai bindiga mai kuka kamar ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa. In shirun ya yi tsawo na san bos ya kusa mutuwa, kafin ma samari su kaure da ihun "Akta! Akta!"

To a gidanmu fito abin ƙi ne ko ga namiji, ana cewa "fito kiran shaiɗan ne", balle a bakin 'ya mace. Shiga silima kuwa, yarinyar da aka gani a ƙofarsa kaɗai sunanta ya gama ɓaci a gari. Gwaggo ta haɗa biyun ta kai wa Baba zaure da zafinsu. Ta ce wannan fiton ta san shi, a bakin 'yan tasha take jin sa, kuma babu yadda yarinya za ta ɗauko shi daga kai har wutsiya sai in ta zauna a gabansa. Wai da sunan gaɗa nake fita dandali, ƙawayen boko su ja ni ciki. Ina kuka na ce wallahi daga ɗakin Inna nake ji. Amsar da ta ba ni har gobe tana ƙona min rai: "Mu kurame ne? Ba a gidan nan muke kwana ba? Me ya sa mu ba mu iya ba?"

Inna tana jin komai daga bayan labule, amma ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa don alkunya, ina ga ta fito ta tare min faɗa a gaban dangin miji. Mutum ɗaya ne zai iya wanke ni, Yaya Sabo, ɗan Gwaggon, wanda ba ya fashin haura katangar silimar nan. Ya san duk wanda ke shiga, ya san ban taɓa ba. Yana zaune a dakali da kwanon ɗumame a cinya, na kalle shi, ya kalli kwano. Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Cewa ya yi, "Daga Litinin ba boko."

Ina aji huɗu a lokacin. Ni ke ja wa 'yan ajinmu karatun baki su amsa, ni ke rige kowa isa gindin darbejiyar da aka rataye ƙarfen tayar mota a matsayin ƙararrawa, kuma a makon nan ne malaminmu ya fara koya mana rubutun da ake haɗe baƙaƙe. Ya zo gida ya roƙi Baba, aka ba shi goro aka rako shi bakin hanya. Ni na koma ga surfe da tankaɗe da jan guga, ina jin ƙarfen nan yana kira daga nesa. Sabo kuwa ya huda tsakiyar tsohon gwado ya zura kai, ya maƙala guntun kara a gefen baki yana takawa ɗaiɗai a tsakar gida wai shi aktan kaboyi, Gwaggo tana dariya tana cewa "yaro man kaza". Shi har sakandare ya gama.

Yau ina Doha ta ƙasar Qatar, a unguwar Al Aziziya, wajen ɗana likita, ba na fita sai dole. Wata Juma'a da rana ina yankan albasa a kicin, sai na ji irin shirun nan daga falo, sai fito. Wuƙa ta tsaya a hannuna. Jikana Abba ne ya kunno tsohon fim. Na fito ko hannu ban wanke ba, na tsaya na ga abin da ido, karo na farko a rayuwata. Jama'a! Wasu ƙazamai ne, gemu ba aski, zufa da ƙuda, sun tsaya cikin rana suna harare-harare kamar zakaru, baki na motsi daban magana na fita daban. Abba ya ce ai Italiyawa ne suka yi su, can a nahiyarsu, da ɗan abin da ke hannunsu, muryoyin ma daga baya aka ɗora. Na ce wato ko Amurkar ba su taka ba? A kan waɗannan aka cire ni makaranta? Ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, Hajiya, fim ne kawai." Da yamma na sa aka kira min Sabo a waya, yanzu dattijo ne mai furfura da carbi. Na gaya masa na ga kaboyinsa. Sai ya ce, "Ke har yanzu ba ki manta ba?" Shi da bai rasa komai ba, ai dole ya manta.

Baba da Gwaggo sun daɗe da rasuwa, ina yi musu addu'a, kuma na ce na yafe. Jikata Ummi uwarta da kanta ke kai ta silima ƙarshen mako, ba wanda ya ɗaga kai, sunanta na nan garau. Da safe kuma motar makaranta ta tsaya a ƙofa, ana ta "yalla, yalla", wato a yi sauri, Ummi ta fita da gudu da jakar da ta kusa fin ta nauyi. Ni ina bakin taga da kofin shayi har motar ta sha kwana. Na tsufa, amma wani lokaci ƙafata takan so bin ta.