Alkamar Sha'aibu a Bakin Iku

Sha'aibu mutumin ƙasar Haɗeja ne. Farin da aka yi a 1973 ne ya koro shi zuwa garin Abuja, wanda daga baya aka mayar wa suna Suleja. Ya sauka a unguwar Wambai da matarsa Hansai, da 'ya'ya, da tulu guda cike da irin alkama, an liƙe bakinsa da laka. Irin mahaifinsa ne, ja, mai ƙananan ƙwaya. A ƙauyensu babu wanda ya saura da shi. Yunwa ta sa kowa ya cinye nasa.

Da damina dako yake yi a kasuwa. Da ruwa ya ɗauke sai ya je wurin Irmiya, wani manomin doya mai fili a bakin rafin Iku, ya roƙi aron fadama.

"Me za ka shuka da rani?" in ji Irmiya.

"Alkama."

"A nan? Kai Bahaɗeje, ko ubanka bai faɗa maka ina ka zo ba?" Ya yi dariya, amma ya ba shi.

Shekarar farko Sha'aibu ya yi yadda ya gada. Ya ja fangali, ya kafa jigon ɗiban ruwa, ya jibga takin awaki kamar yadda ake yi wa ƙasarsu mai yashi. Ƙasar Iku kuwa baƙa ce, ba ta bukata. Alkama ta yi tsawo, ta yi ganye shar, har masu wucewa na tsayawa kallo. Tana fitar da kai sai karan ya kasa ɗauka, ta kwanta cikin ruwa. Abin da ya tsinta da ƙyar ya cika tulun.

Shekara ta biyu bai sa taki ba. Amma damina a nan ba ta saurin tafiya, fadama ba ta tsane ba sai da sanyi ya yi nisa. Ya shuka a makare. Lokacin da ƙwaya ke shan madara zafi ya sauko, ta motse. Hansai ta niƙa 'yar kaɗan a dutse don ta gani, ta kawo masa a tafin hannu.

"Malam, wannan ai dusa ce. Ko alkaki ba zai kama ba."

Ya zauna a kan tabarma yana tsince ƙwayoyi masu ƙiba ɗaya-ɗaya.

Ya so ya huta shekara guda, sai ya gane ba hali. A Haɗeja iri kan daɗe a rumbu. A nan laima na shiga tulu, ƙwari na bin ta. Wanda ya kwana damina biyu ba ya tsira. In bai shuka ba bana, baɗi babu abin shukawa.

Sai ya hau tudun filin Irmiya, inda ƙasa ke bushewa da wuri, ya shuka a kan kari. Can kuma jigo ba ya kaiwa. Da garwa biyu da sanda a kafaɗa yake hawa da ruwa, safe da yamma, har kafaɗar ta yi kanta. Alkamar tudu ta yi ƙwaya cikakka, mai nauyi, wadda in ka ciza take ƙara. Sai dai iyakar abin da kafaɗa ɗaya za ta iya shayarwa ke nan: 'yan fangali kaɗan, daidai cikin tulu. Tun da ya zo garin, gidansa ba a taɓa cin tuwon alkamarsa ba. Ranin da sauran 'yan dako ke samu, shi yana kan gangare.

A ƙarshen daminar 1978 Irmiya ya zo har gida da kwandon irin doya. Baƙi sun fara cika gari saboda maganar sabon birnin tarayya, doya ba ta kwana a kasuwa.

"Tudun nan na bar maka," in ji shi. "Ka tada kunya yanzu tun ƙasa na da taushi. Yaranka su ci su ƙoshi."

"Yanzu ne kuma lokacin alkama."

"Na sani. Fili ɗaya ne, kafaɗa ɗaya ce. Zaɓi."

Hansai tana bakin murhu, ta daina fifita wuta.

Sha'aibu ya daɗe yana duban kwandon. Ya ɗauki doya ɗaya, ya juya ta, ya mayar.

"Bana kaɗai, maigida. In na samu wanda zai mayar da irin alkamar gida Haɗeja, shi ke nan."

"Wa ke zuwa gidan?" in ji Irmiya. "Haka ka ce bara."

Irmiya ya ɗora kwandonsa a ka ya fita. Hansai ta ci gaba da fifita. Washegari Sha'aibu ya fasa lakar bakin tulu.