Karsanar da Kawu Sanusi Ya Bar Mana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sanusi, malamin dabbobi, wanda ya yi aiki a ƙasar Bukkuyum har ya yi ritaya, sannan ya koma Gummi inda ajali ya same shi. Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina son rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na fara sai tsoro ya kama ni, domin mamaci ba ya tashi ya ce ba haka na faɗa ba. Abin da ya faru bana ne ya tilasta ni, kuma zan yi ƙoƙarin raba abin da na gani da abin da aka gaya mini.

Abin da na gani shi ne, Kawu mutum ne mai son littattafan ƙagaggun labarai, musamman waɗanda ba sa tauna wa mai karatu abinci. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a zaurensa, abokansa su zo, ya karanta musu a bayyane. Idan labari ya ƙare sai ya rufe littafin ya ɗora a gwiwa, ya bar su suna gardama. A zaure bai taɓa faɗin fahimtarsa ba. Amma Kawu ba ya barin baƙo ya tafi ba rakiya, kuma a wajen rakiyar ne bakinsa ke buɗewa. Ni a gidansa nake zaune lokacin, ɗan gida kuwa ba a yi masa rakiya. Saboda haka na ji karatun duka, amma ban taɓa jin fassarar ba.

Cikin masu zuwa akwai aminansa biyu. Baba Ɗanjumma manomi ne daga Nasarawa Burkullu. Baffa Buba makiyayi ne, wanda rugarsu take wajen Gwashi kafin rashin zaman lafiya ya taso su, suka dawo gefen Gummi da abin da ya rage na shanu. Har yau yana cewa zaman aro yake yi.

Littafi na ƙarshe da Kawu ya karanta musu labarin maƙwabta biyu ne, manomi da makiyayi, waɗanda suka ɓata bayan shanu sun shiga gona. A babin ƙarshe makiyayin ya yi ƙaura da asuba bai yi sallama ba, amma ya ɗaure wata farar karsana a jikin rumbun manomin. Manomin ya fito, ya kwance igiyar, ya tsaya riƙe da ita yana duban hanya. Nan marubucin ya tsaya. Bai ce me ya sa aka bar karsanar ba, bai ce abin da manomin zai yi da ita ba.

Abin da aka gaya mini kuma shi ne wannan. Baba Ɗanjumma ya ce ranar da Kawu ya raka shi tasha, ya faɗa masa cewa karsanar biyan ɓarna ce: makiyayin ya amsa laifinsa, ya biya, ya tafi ke nan. Baffa Buba ya ce Kawu ya raka shi har bakin kara, wato kasuwar shanu, ya faɗa masa cewa aro ce irin ta Fulani, wadda ake ba amini ya riƙe har ta haihu, ɗan maraƙin ya zama nasa, uwar ta koma wa mai ita. Ke nan makiyayin zai dawo. Shekaru kowannensu yana riƙe da tasa kamar wasiyya, yana ganin shi kaɗai aka ba. Sai bana, a wurin wani suna, maganar ta fito. Baffa Buba ya ji kamar ana ce masa ku ne masu laifi kuma kun tafi ba dawowa. Baba Ɗanjumma ya ji kamar ana ce masa maƙaryaci a kan mamaci. Daga ranar suka daina gaisawa.

Ni aka nemo daga Anka inda nake koyarwa, don ni ne na karanci adabi a jami'a. A ganinsu, wanda ya yi digiri a kan littattafai dole an gaya masa amsar, kamar yadda ɗalibi ke karɓar fassarar baiti daga malaminsa, shi ma daga nasa malamin. Na yi wa Inna, mahaifiyata, bayani cewa irin wannan labari ba shi da amsa guda. Ta ce, "To mi kaje koyowa?"

Na sake karanta littafin a tsanake, ina tsoron in zalunci ɗaya daga cikinsu. Kowace fassara tana da madogara. Akwai inda makiyayin ya sunkuyar da kai a gaban gonar da aka ɓata, akwai kuma inda ya ce ba ya barin igiyarsa inda ba zai koma ba. Sai na ci karo da wani layi a farkon littafin da ban taɓa lura da shi ba: farar karsanar tana ɗingishi. Na yi ta juya abin. Ko dai ya bar ta ne kawai don ba za ta iya tafiya ba? Kawu, da ya ƙare rayuwarsa yana duba kofaton shanu, ba zai tsallake wannan layin ba. To me ya sa bai ambata wa ko ɗayansu ba? Ko ya ambata, kowa ya riƙe abin da ya yi masa daɗi? Rashin sani ya fi dare duhu.

Na roƙe su suka zo zauren Kawu, kowa ya zauna a nasa gefen. Na karanta babin ƙarshe, na karanta layin ɗingishin, na faɗi abin da nake zato, na kuma jaddada cewa zato ne. Baffa Buba ne ya fara magana.

"Subahanallahi! Bahillace ya bar ma mutum gurguwa? Wanga ba maganar Sanusi ba ce."

"Kuma wa ka biyan ɓarna da gurguwa?" in ji Baba Ɗanjumma. "Yaro, ka ɓata muna littahi."

"Ka ji dai, Kaɗo. Yau ka hwaɗi gaskiya."

"Ni kullum gaskiya nika hwaɗi, kai ne kunnenka ke wajen shanu."

Sai Baffa Buba ya ce in kuwa har tana ɗingishi, to ba a barin dabba marar lafiya sai a hannun wanda aka yarda da shi. Baba Ɗanjumma ya ce wannan wata magana ce, amma bai yarda ba tukuna. Suka umarce ni in dawo mako mai zuwa in fara karantawa tun daga farko, kada in tsallake komai. Ba su sasanta a kan karsanar ba, amma tare suka fita, suna ta kushe karatuna har suka sha kwana.

Ina yawan tambayar kaina me Kawu zai ce da zamanin nan. Ɗalibaina suna son in taƙaita musu littafi, in faɗi darasinsa a jimla ɗaya su haddace. Hanyoyin da yake bi da babur yana yi wa shanu allura, yau sai an yi tambaya kafin a bi su. Labarin da ya karanta don hira ya zama labarin da mutane ke auna makomarsu da shi. Da zai ce mana mun ɗora wa karsana kayan da suka fi ƙarfinta? Ko zai ce dama don haka aka rubuta ta?

Har yanzu ban san ko da gangan ya ba kowa tasa fassarar ba, ko ra'ayinsa ne ya sauya tsakanin wata rana da wata, ko kuwa tsufa ne ya gyara wa aminansa abin da suka ji. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ba kuma zan ƙaga masa hikimar da ban tabbatar ba. Abin da zan iya shaida kaɗan ne. Bai bar mana amsa ba, ya bar mana tambayar da ta isa ta raba tsofaffi biyu, ta kuma isa ta hana su rabuwa. Yanzu mun kai babi na huɗu, kuma tun kafin mu kai inda aka ɗaure karsanar a jikin rumbu sun sami sabon abin gardama a kan matar manomin. Allah ya kai haske kabarinka, Kawu. Mu dai muna nan riƙe da igiyar.