Haɓar Pu Thangliana

Duk wanda ya taso a unguwarsu da ke gangaren Aizawl, a arewa maso gabashin Indiya, ya san Pu Thangliana da aikin kafinta, da jita, da kuma bakin da ba ya hutawa da taunar kuhva, goron nan namu da ake naɗewa a ganye. Magana kuwa sai an matsa masa. Tun suna da ƙuruciya yake kaɗa jita a bayan matarsa Pi Hmingi tana waƙa, a coci da gidan biki da gidan makoki. Bai taɓa rera ko baiti ɗaya ba, don a ganinsa wannan gonarta ce.

Da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a bakin murhu. Ta farfaɗo, amma hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke. Wata ma'aikaciyar asibiti ta gaya masa cewa masu irin wannan ciwo wani lokaci waƙa kan dawo musu kafin magana, in akwai mai rera musu wadda suka saba suna bi. Ta ƙara da cewa kada a yi sanya, watannin farko ne ake sa rai.

Matan coci suka zo da gangarsu, ɗaki ya cika. Pi Hmingi ta juya fuska bango. Macen da ta saba jan waƙa a gaban jama'a ba ta son a ga bakinta a karkace. Jitar mijinta kaɗai take juyowa ta saurara, ita kuwa jita ba ta furta kalma. Dole ke nan Thangliana ya buɗe baki.

Ya fara gwaji a shagonsa da ke ƙarƙashin gida. Muryar ba ta da laifi, ta ɗan yi tsatsa dai. Amma da zarar ya tofar da kuhva ya kama waƙa, sai hannu ya rikice, ya yi gaba, ya yi baya, ya tsaya cak. Maƙwabcinsa Pu Rokhuma, mai kaɗa ganga a coci, yana zaune kan katako yana kallo.

"Baban Sangi, tsaya. Jefa kuhva a baki, ka kaɗa ba waƙa."

Ya jefa, ya kaɗa. Kiɗa ya fito sumul. Rokhuma ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe kiɗan naka ba a hannu yake ba, a haɓa yake! Tauna ɗaya, bugu ɗaya. Shekara da shekaru tuƙar akuya muke bi a coci ba mu sani ba!"

"Kana dariya, matata na sama a kwance."

Rokhuma ya haɗiye dariyar, ya ce to ya gwada buga ƙafa.

Ya gwada. Ƙafa ta bar kiɗa ta bi kalmomi. Ya gwada waƙa da kuhva a kunci, ya ƙware, jan miyau ya ɓata masa riga. Kwanaki suna ta wucewa. Hankalinsa ya rabu har ya yanke ƙafar teburin wani ta fito gajeriya, abin da bai yi ba tun yana koyo. Duk hawan da zai yi da kwanon shinkafa sai ya tarar ta ƙara nisa. Ɗan gurnanin da take yi in tana son ruwa ma ta daina. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron kada ya iya abin bayan ta riga ta fid da rai.

Wata Lahadi da rana, unguwa ta watse zuwa coci, ya ga jira ba zai kai shi ba. Ya wanke baki, ya ɗauki jita, ya zauna a gefen gado ta hagunta.

"Maman Sangi, zan gwada wani abu. In ya yi muni ki yi haƙuri, tunda yau ba ki da bakin zagina."

Ya kama waƙar da ta fi so. Bai kai ƙarshen layi ba hannu ya ɓace. Ya sake, ya kuma ɓacewa. Gumi ya jiƙa masa wuya. Yana shirin ajiye jitar sai ya ji hannunta na hagu a gwiwarsa. Ta buga, ta sake bugawa, daidai saurin da haɓarsa ke tafiya. Sai yanzu ya gane abin da take kallo duk shekarun nan in ta waiwayo kafin ta shiga waƙa: haɓarsa. Shi da ya ɗauka fuskarsa ce.

Hannunsa ya bi bugun, baki ya kama waƙa, babu wanda ya yar da wani. A ƙarshen baiti ya ji wata murya a ƙarƙashin tasa, siririya, a karkace, ta furta kalmar ƙarshe tare da shi.

Ya tsaya, baki buɗe.

Pi Hmingi ta harare shi, ta ɗaka masa duka a gwiwa, dukan wadda aka katse wa waƙa a tsakiya. Ya goge ido da kafaɗa, ya koma farkon baiti.