Tsaga Biyu a Fuska Ɗaya

Kwanakin baya na ji ana labari a rediyo kan mutanen ƙarshe da suka rage cikin waɗanda aka kwasa daga ƙasashenmu, aka tsallaka da su babban teku ta yamma aka sayar. An ce wasunsu sun tsufa a can suna iya faɗin sunan garinsu har ranar da suka koma ga Mahaliccinsu. Na kashe rediyon. Mu ma a nan Jidda mun zauna da irinsu, sai dai su gabas aka yo da su, ta hanyar hajji. Ta ƙarshe da na sani maƙwabciyarmu ce a unguwar Karantina. Iya muke ce mata, mu da iyayenmu baki ɗaya.

Tana yarinya wani mutum da ya ce shi kawunta ne ya taho da ita cikin ayarin mahajjatan ƙasa. Da guzuri ya ƙare masa, ya ajiye ta a wani gida a Balad, tsohon garin Jidda, ya ce zai je ya dawo. A gidan nan ta yi wanki da niƙa da rainon 'ya'yan wasu, har hukuma ta soke bauta. Ta fito da 'yancinta, amma ba ta san sunan garinsu ba, ba ta san na mahaifinta ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne harshen Hausa, da wata kuka a bakin rijiya, da tsagar da ke kumatunta.

A kan tsagar nan ta ɗora dukan begenta. Mutanen da, fuskarsu ita ce shaidarsu: wanzami yakan yi wa jariri tsagar gado, duk inda ya shiga a duniya a san ɗan ina ne. Saboda haka duk shekara, idan alhazai suka fara sauka, Iya takan fito da kujerarta bakin ƙofa da hantsi, inda haske ya fi kyau. Ni kuwa, tun ina aiki a ofishin tashar jiragen ruwa har na yi ritaya, ni ne mai kawo mata baƙi. Sai ta ba su shayi, ta zame mayafi daga kuncinta, ta ce, "Ku dube ni da kyau, 'ya'yana. Ni 'yar ina ce?"

Sukan duba, su ce Allah ne masani. Wani ya ce Zamfara, wani ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Shekaru na tafiya, fuskokin alhazan suna ta zama sumul, tata kuma tana ta tattarewa, har tsaga da tamoji suka zama abu guda.

"Ustaz," takan ce mini idan sun tafi, "ka karanta littattafai har idonka ya mutu, amma kuncin tsohuwa ya gagare ka."

"Ba a koya mana wannan a zaure ba, Iya."

"To, halas, shi ke nan. Allah ya kai mu baɗi."

Sai aka zo rushe Karantina. Maƙwabta suka watse, kowa ya kama inda dangi suke. Iya ba ta haihu ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Jikokin gidan da ta yi wa bauta, waɗanda ta goyi ubansu, su suka zo da mota suka ɗauke ta zuwa unguwarsu ta Abhur, suka ba ta ɗaki a bayan gida. Ban ga laifinsu ba, sun kula da ita. Amma babu mai jin Hausa a gidan, kuma alhaji ba ya bi ta wannan unguwa ko da ɓatan kai. Na fahimci cewa idan ban kai mata wani ba, ba wanda zai sake duban fuskar nan.

A Balad na gamu da wani dattijo Bakatsine da ya zo umra, wanzami ne gaba da baya. Na ba shi labari, ya yarda, muka ɗauki tasi. Mun iske ta a kwance, ta rame ƙwarai. Da ta ji sallama da Hausa ta yunƙura ta zauna, ta ɗage labulen taga ta riƙe don haske ya shigo.

Ya nemi izini, ya durƙusa, ya bi kuncinta da yatsa a hankali. Ya daɗe. Daga nan ya ce, "Hajiya, hannu biyu ne suka yi aiki a fuskar nan. Waɗannan manyan guda uku ba askar ƙasarmu ba ce."

Ta ce haka ne. A gidan Balad aka yi mata su, irin na 'ya'yan Hijaz na wancan zamani, don kada wani ɗan ayari ya gan ta ya ce tasu ce.

"Sun bi ta kan na gado sun cinye su," in ji shi. "Abin da ya rage ya taso daga gefen baki ya nufi kunne. Gobirawa suna yin haka, Kabawa ma suna yi. A ƙidaya ake rarrabewa, wurin ƙidayar kuwa shi aka yanke. Gari kam ba zan yi miki ƙarya ba."

Iya ta saki labulen da ta riƙe. Na fara neman abin da zan ce, sai na ji wanzamin ya yi dariya.

"Amma ni dai na tsinci dami a kala! Ko Bagobira ce ko Bakaba, duk abokan wasanmu ne mu Katsinawa. Ashe baiwata na zo na iske a Jidda, tana kwance tana shan sanyi, ubangidanta na yawo a rana!"

A ƙasarmu haka abokan wasa suke yi, wannan ya ce wancan bawansa ne, a yi dariya a rabu. Bakinsa ne ya riga tunaninsa. Kafin ya rufe baki ya tuna wa yake gaya wa, ya sunkuyar da kai yana salati.

Iya ta dube ni. "Ustaz, me ya ce?"

Na ce, "Wasan gado ne, Iya. Ba a yi wa kowa shi sai wanda aka san asalinsa. Ke ma kina da ikon ramawa, ba ya da halin yin fushi."

"Ko me na gaya masa?"

"Ko mene ne."

Ta juya ta ƙare masa kallo, tun daga hula har silifa.

"Kai Bakatsine," ta ce, "ni dai an gan ni an taya. Kai fa? Ko kyauta aka ba ni kai, sai an haɗa mini da abincinka."

Ya buga cinya ya ce, "Kun ji bakin Gobirawa!"

"Ɗazu ka ce ba ka sani ba, maƙaryaci. Yalla, maza zuba wa uwar ɗakinka shayi."

Ya zuba, ya miƙa mata hannu biyu. Suka yi ta yi har aka kira la'asar, tana dariya tana tari. Shekarunta sun haura na kowa da na sani, amma ran nan ne ta fara samun wanda za ta zaga ya ji daɗi.

Wanzamin ya koma gida bayan umrarsa. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta tambaye ni ko bawanta ya aiko da saƙo. Ba ta ƙara cewa a dubi fuskarta ba. Ta rasu kafin alhazai su sake sauka, muka kai ta, mu kaɗan, aka binne ta yadda ake binne kowa a nan, babu suna a kan kabari.

Yanzu ina zaune a hawa na sama a gidan ɗana, jikokina suna amsa mini Hausa da Larabci. Idan lokacin hajji ya zo nakan sa rigata in tafi Balad, in sami benci kusa da masu sayar da turare. Ba ni da wanda zan kai wa baƙo. Duk da haka idan dattijo mai tsaga ya gifta, sai na ga na miƙe tsaye ina ƙidaya.