Zoben Ƙarfe a Kitson Hauwa

Yau masu binciken ƙwaƙwalwar yara suka bugo waya, wai gobe za a sake ɗaukar hoton kan 'yata Hauwa. Nan take marigayiya Mma, mahaifiyata, ta faɗo mini a rai.

Tun da farfaɗiya ta kama yarinyar, Mma ke ɓoye mata ɗan zoben ƙarfe cikin kitso, hannunta na ƙamshin man kaɗe. Bara tare muka je asibiti daga unguwarmu Maamobi, ɗaukar hoton farko. Nas ta shafa kan Hauwa, ta ji zoben, sai ta zabura.

"Hajiya, injin hoton nan maganaɗisu ne. Da ta shiga da wannan, da ya fizge shi har da fata!"

Mma ta warware kitson. "Ni da na sa don in tsare ta," ta ce. Aka shigar da Hauwa, injin na ta ƙara kamar maƙeran unguwar Old Fadama, Mma kuwa tana bakin ƙofa, zoben a tafinta, tana addu'a.

Gobe ni kaɗai zan tsaya a ƙofar nan, in ji ko tabon da suka gani a ƙwaƙwalwarta bara ya girma. Allah ya haskaka kabarinki, Mma, ya ba ni irin tsayuwarki.