Na Ga Hannun, Istifanus

Shekara tara ke nan da rasuwar Istifanus, maƙwabcina a Kubwa, malamin firamare kuma alƙalin wasan ƙwallo a ranakun Asabar. Duk shekara nakan ce zan rubuta wannan, sai in fasa. Bana ƙarfina ya ragu, ba zan ƙara jira ba.

A farkon mulkin farar hula, lokacin da Abuja ke ta bunƙasa, kowane mai hali yana son a ce yana da kulob ɗin ƙwallo. Ni kuwa ina rubuta labarin wasanni a wata ƙaramar jarida, ba don zurfin karatu ba, sai don na san ƙwallo. Al'adarmu ita ce mu bi motar kulob zuwa fili, mu ci abinci da 'yan wasa, mu rubuta labarin a hanyar dawowa. Kafin a sauka sai a karanta wa ciyaman ɗin kulob, ya gyara abin da bai yi masa ba. Ba mu ɗauki wannan abin kunya ba. Kujerata tana bayan tasa, kuma ina alfahari da ita.

Wata Asabar muka je Masaka da kulob ɗin da nake bi, Istifanus ne alƙali. Saura kaɗan a tashi, ɗan wasan bayanmu ya tare ƙwallo da hannu. Ina tsaye bayan raga, na gani sarai. Istifanus ya busa fanareti, aka ci mu. A mota ciyaman ya juyo ya ce, “Malam Sani, ka ga yadda mutuminka ya sayar da mu, ko?” Na ce, “Na gani, oga.” Haka na rubuta. Da takardar jaridar nan aka kai ƙara hukumar ƙwallo, aka karɓe usur ɗin Istifanus, bai sake busa wasa ba.

Sau ɗaya ya yi mini maganar, a bakin famfon layinmu. Ya ce, “Sani, kai fa kana bayan raga. Ka ga hannun ko ba ka gani ba?” Na fara cewa ai oga ne. Ya ce, “Ba oga na tambaya ba.” Ya ɗauki bokitinsa ya wuce. Bai daina gaishe ni ba, ko sallah ko Kirsimeti abinci bai daina shiga tsakanin gidajenmu ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Shi kuwa ciyaman, da ya samu kwangila ya watsar da kulob, ya daina ɗaga wayata. Na daɗe ina cewa ya ci amanata, kafin na yarda cewa ni na fara cin ta wani.

Yanzu ina ganin 'yan jaridar wasanni suna ɗora hotunansu da masu kulob a waya, kafaɗa da kafaɗa, sannan su zauna a rediyo su yanke wa alƙali hukunci. Da Istifanus yana nan, na san ba zai yi faɗa ba. Zai tambaya ne kawai: a motar wa suka dawo?

Bai bar gida nasa na kansa ba. Ya bar ɗalibai, da 'ya'ya uku da suka tashi ana ce musu ubansu ya sayar da wasa. Saboda su na rubuta, a shafin jarida, inda na ɓata shi. Ubanku bai sayar da komai ba. Istifanus, ga amsar tambayarka: na ga hannun.